Kwano Ɗaya Don Mijin Kanae

Lima, Peru, 2 ga Satumba

Zuwa ga Gwaggo Sumie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan taki ta yi sauƙi, kuma kina shan maganin hawan jinin, ba ɓoye shi kike yi a bayan butar shayi ba. Yaya kasuwar bakin kogi? Na san yanzu tuffa ta fara shigowa, kina can kina faɗa da masu latsa ta su wuce ba su saya ba. Ni lafiyata ƙalau. Cikin ya shiga wata na shida, ƙafafuna sun kumbura, likita ta hana ni doguwar tafiya. A gida ke kaɗai na faɗa wa, don haka ki riƙe bakinki, in dai zai riƙu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kamfanin da mijina Anselmo yake gyara wa injina zai tura shi kwas na kwana goma a Nagoya, can ƙasarmu, a watan gobe. Ranar Lahadi 19 ga Oktoba ce kaɗai ba shi da aiki, shi kuwa ya ƙwallafa rai sai ya hau jirgin ƙasa ya zo Takayama, ya ga unguwar da aka haife ni, ya ci ramen ɗinmu, taliyar nan ta cikin romo. Laifina ne. Shekara biyar ina cika masa kunne da labarin romon garinmu.

Gwaggo, ki nemo mini shago a tsohuwar unguwa inda baƙo zai ɗaga labule ya shiga a yi masa maraba. A yarenmu bai iya komai ba sai "na gode" da "ina kwana". Mutum ne mai kunya. In aka kore shi a ƙofa ba zai ce uffan ba, zai dawo ya ce mini ya ci ya ƙoshi, ni kuwa zan gane a idonsa.

Ko'ina ne, ban da shagon Baba. Kin san ƙanen naki. Tun ranar da 'yan yawon buɗe idon nan su shida suka tsaya ɗaukar hoto har taliya ta jiƙe ta kumbura, suka tashi suka bar masa kwanuka a cike, ya kwashe ya zubar a kwata, baƙo bai sake zama a kujerarsa ba. Yana hango baƙuwar fuska zai gicciye hannuwa ya ce romo ya ƙare, ko da tukunya na tafasa a bayansa. Ni 'yar cikinsa ma bai sake amsa mini wasiƙa ba tun da na aika masa da takardar ɗaurin aurena. Ba zan jure a gicciye wa mijina hannu a ƙofar gidanmu ba. In hakan ta faru, na san ba zan ƙara iya tako garin nan ba, ni da abin da ke cikina.

Taki,
Kanae

Takayama, 20 ga Satumba

Kanae 'yata,

Na ga wasiƙarki. Gwiwa tana nan tana aikinta na ciwo, magani kuma ina sha idan na tuna. Ki ɗaga ƙafafun nan sama in kin kwanta, ki rage gishiri. Ko da yake ba ni da bakin da zan ce wa wani ya rage gishiri a makon nan, za ki ji dalili.

Kin ba ni aiki, yarinya! Da farko tambaya na riƙa bi ina yi shago shago: "Kuna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje?" Kowa sai ya rusuna ya ce, "Haba Sumie, ai ƙofarmu a buɗe take." Har da wanda na gani da idona shekaranjiya ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa wa wasu mata biyu kai. Na manta cewa mutanen garin nan ba sa ce wa mutum a'a ido da ido. Sai na daina tambaya. Ina tashi daga kasuwa sai in sami benci a tsallaken shago in zauna da jakata, ina kallon wanda ya shiga da wanda aka dawo da shi. Inda na ga baƙi sun shiga sun fito suna shafa ciki, sai ni ma in shiga in ci, don ba zan kai surukin gidanmu inda ban ɗanɗana ba.

Shagon da ke kusa da jar gada ba ya korar kowa, amma injin sayar da tikitin abincinsa duk da rubutunmu yake. Na ga wani dogon Bature ya tsaya a gabansa yana ta danne-danne, gumi ya jiƙa masa riga, mai shago ko ɗaga kai bai yi ba. Na soke shi.

Na biyu sabon shago ne, akwai fara'a har ta yi yawa. Amma ki ji abin kunya: ruwan waken soya daban suke zubawa a kwano, sannan su ɗora romo a kai, irin na mutanen Tokyo. A Takayama! Mu da muke haɗa komai a tukunya ɗaya tun da asuba, ƙashin kaza da busasshen kifi da ruwan waken soya, a bar su su saba da juna har la'asar. Na ci rabi na ajiye tsinken cin abinci na fita, ban ce musu na gode ba.

Matar Hosoe ta bayan wurin ibada mutuniyar kirki ce, da hannu take nuna wa baƙi komai, romonta kuma na mutunci ne. Ba ta buɗewa ranar Lahadi. Na roƙe ta, ta ce ranar take kai mijinta wankan ruwan zafi saboda bayansa.

Saura Wakita. Kin tuna shi, mai ƙaramin gemun nan da suka yi aji ɗaya da babanki. Shi ya waye. Ya manna hotunan abinci a bango, ya ajiye cokula masu yatsu, 'yarsa tana jin Turanci, layin baƙi har kwanar masu sassaƙa. Sau uku na ci a wurinsa, da safe da tsakar rana da yamma, don in ji yadda tukunyarsa take juyawa. Romon ba laifi. Ya ɗan yi zaƙi, kamar mai tsoron kada a ƙi shi, amma ba laifi. Can zan kai mijinki.

Kwano tara ke nan a kwana bakwai. Likita ya auna ni ya cire tabarau ya ce, "Iya, me kika yi wa kanki?" Na ce masa aikin dangi nake yi.

Gwaggonki,
Sumie

Takayama, 1 ga Oktoba

Kanae,

Ina fata kina lafiya ke da ɗan cikin. Ba ki amsa waccan ba tukuna, amma wannan ba za ta jira ba.

Kin san garinmu tafin hannu ne. Ashe tun kwano na biyu labari ya isa kunnen babanki cewa yayarsa tana yawon cin taliya a shagunan mutane. Jiya da safe ina jera tuffa sai ga ƙanen nawa Shozo a kaina, fuska a ɗaure tamau, da ɗaurin lawashi a hammata.

Ya ce, "Yaya, gaskiya ne abin da nake ji? Kin ci a wurin Wakita?"

Na ce, "Na ci."

"Sau nawa?"

"Sau uku. Sayen tuffa ka zo ko ɗan sanda ka zama?"

Ya ce, "Wakita! Mutumin da yake zuba sukari a tukunya? Shekara arba'in kina cin nawa, yanzu kin tsufa harshenki ya mutu?"

Matan da ke sayar da furanni a gefena duk sun yi tsit sun baza kunne. Raina ya ɓaci, kin san ni. Na ce, "Harshena ƙalau yake. Baƙo nake nema wa wurin cin abinci, kai kuwa romonka ƙarewa yake yi da ya ga baƙo. Mijin 'yarka ne zai zo daga Peru. Lahadi sha tara ga wata, da tsakar rana."

Kanae, da kin ga fuskarsa.  Ya ɗauki tuffa ɗaya ya juya ta ya ajiye. Can ya ce, "Ina ruwana." Ya yi taku uku ya juyo ya ce, "Da tsakar rana romon Wakita bai ma nuna ba." Ya tafi, ya bar mini lawashinsa a kan tebur, sai da na aika masa da shi.

Maganar ciki ban yi ba, kada ki ce bakina bai riƙu ba. To ga shi nan: na yanke inda zan kai mijinki, babanki kuma ya san rana ya san lokaci.

Sumie

Lima, 13 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ni lafiya, amma tun da wasiƙarki ta 1 ga wata ta iso barci ya ƙaurace mini. Ita kaɗai na samu. Kin ce akwai wata kafin ta, ban gan ta ba har yau.

Me kika yi haka? Abu ɗaya na roƙe ki, ɗaya tak. Kin ce kin yanke inda za ki kai shi, Baba kuma ya san rana da lokaci. Wato wurinsa za ki kai shi ke nan, ki tsayar da shi a ƙofa a gaban 'yan unguwa, bayan kin ji da kunnenki ya ce ina ruwansa. Na buga miki waya sau huɗu, kin san ba ɗagawa kike yi ba.

Anselmo yana Nagoya tun shekaranjiya. Na ce masa kada ya hau jirgin nan, ya zauna a masauki ya huta. Ya ce mini tsohuwa ta yi wahala dominsa, ba zai bar ta tana jira a tasha ba. Bai taɓa yi mini musu irin wannan ba. Na yi kuka har ya rasa abin da zai ce.

In wannan ta riske ki kafin Lahadi, na roƙe ki, ki kai shi ko'ina. Ki saya masa burodi ma ya ci a bakin kogi. Ina jin tsoro, Gwaggo.

Kanae

Takayama, 25 ga Oktoba

Kanae, sarkin kuka,

Lafiyata ƙalau, gwiwa ma ta ji daɗin makon nan. Wasiƙarki ta iso jiya, kwana biyar bayan an gama komai, na karanta ina dariya har maƙwabciya ta leƙo. Kin karanta abin da ban rubuta ba. Wurin Wakita na yanke, yana cikin wasiƙar da ta ɓata a hanya. Amma rana da lokacin da na faɗa wa babanki, wannan kam da gangan na faɗa. Na san ƙanena tun yana yawo ba wando.

Na san mijinki ya buga miki waya, amma shi bai ji ko kalma ɗaya daga abin da aka faɗa ba, don haka ga yadda aka yi.

Na tare shi a tasha. Ban sha wahalar gane shi ba, shi kaɗai ne yake rusuna wa kowa har da mai shara. Ya ce mini "ina kwana" da rana tsaka, na amsa masa. Ya karɓe mini jaka. Hannunsa duk kanta, na ce a raina wannan ma'aikaci ne. Muka bi ta tsohuwar unguwa ina nuna masa gidaje da yatsa, muka shiga layin Wakita, mutum goma sha ɗaya a gabanmu.

Mun matsa har saura mutum uku sai na ji ƙarar takalmin katako a kan dutse, ƙwas ƙwas ƙwas, da sauri. Na juya. Shozo ne, da rigar aiki, da tawul a goshi, da ludayi a hannu. Ya bar tukunya a wuta da mutane a zaune, ya tsallako titi biyu. Ya zo ya tsaya a gaban mijinki yana haki, ya ɗaga kai yana kallonsa, don ko kafaɗarsa bai kai ba.  Na ce yau ko dai a yi ta ta ƙare.

 Sai ya kama hannun rigarsa ya fisge shi daga layi.

Wakita ya leƙo ta labule ya ce, "Kai Shozo, satar baƙi ka koma?"

Babanki ya ce, "Baƙon wa? Mijin 'yata ne! In bar shi ya koma ƙasarsu ya ce ruwan sukarin nan naka shi ne ramen ɗin Takayama? Sai dai in bayan raina."

Wakita ya ce, "Au, yau romonka bai ƙare ba ke nan?"

"Rufe mini baki, mai gemun akuya."

Haka ya ja shi har shago, ni ina biye da su ina ɗingishi, baƙin da ke layi suna ta ɗaukarmu hoto. Kujeru tara duk da mutane. Ya dubi Tatsuji kafinta, wanda yake zama a kujerar kusurwa tun kina goye, ya ce, "Tashi, ka gama." Tatsuji ya ce, "Ban gama ba." Ya ce, "Ka ƙarasa a tsaye." Ya zaunar da mijinki.

Ya watsa taliya a ruwa, ya tsame, ya kaɗe sau uku, ya zuba romo, ya jera nama da lawashi, ya dire kwano a gabansa. Sannan ya koma ya harɗe hannu yana kallo. Shago ya yi tsit.

A nan ne na gane kuskurena. Na yi mako ina yawon nemo shago, ban tuna in koya wa bawan Allahn nan yadda ake ci ba. Ya ɗauki tsinke daidai, kin koya masa wannan. Bai taɓa waya ba, bai tsaya kallo ba, ya fara ci nan take. Amma shiru yake ci! Yana naɗe taliya a hankali yana sakawa a baki, ya rufe leɓe yana taunawa kamar mai cin abinci a gidan makoki. Na san tarbiyyar uwarsa ce, a can cin abinci da ƙara rashin kunya ne. A nan kuwa kin san abin da shiru yake nufi. Na ga kunnen babanki ya fara ja. Tatsuji ya raɗa mini, "Bai yi masa daɗi ba." Na ce, "Yi mini shiru."

Ina neman yadda zan yi masa alama sai na ga Shozo ya juya ya ɗauko wani kwanon ya zuba. Ya zagayo daga bayan kantar shagon, ya ture na kusa da mijinki, ya zauna. Ni dai ban taɓa ganin ɗuwawunsa a kan kujerar shagon nan ba. Ya zunguri mijinki da gwiwar hannu, ya nuna idonsa, wato kalle ni. Ya ɗebo taliya ya zuƙe ta da wata irin ƙara da na tabbata an ji ta a jar gada.

Mijinki ya zaro ido. Ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya gwada, taliya ta maƙale, romo ya fantsama masa a hanci, ya kama tari. Shago ya kwashe da dariya. Babanki ya buga masa baya ya ce, "Sake! Da iska ake jan ta, ba da haƙori ba." Ya sake. A karo na uku ta tafi sumul, da ƙararta da komai. Tatsuji ya ajiye kwano ya tafa masa, sauran suka bi.

Daga nan su biyun suka duƙufa kafaɗa da kafaɗa, wannan ya zuƙa wancan ya zuƙa, ba mai kallon wani. Da taliya ta ƙare mijinki ya ɗaga kwano da hannu biyu ya shanye romon tas, ya ajiye, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Na gode, Baba." Wannan "Baban" ban san inda ya samo shi ba, ke kika sani.

Shozo ya leƙa cikin kwanon ya ga ƙasansa. Ya miƙe ya koma bayan tukunya ya ba mu baya, ya daɗe yana juya romon da ba ya bukatar juyi. A nan bakina ya ƙi riƙuwa, ki yi haƙuri. Na ce, "Shozo, jika za ka samu a watan Disamba." Ludayin ya tsaya cik. Bai juyo ba. Ya ce, "A ƙara masa nama."

Murna ta hana ni cin nawa kwanon, ni da na ci tara a wurin bare.

Ki ji ƙarshen abin. Ranar Talata wasu samari biyu 'yan ƙasar waje suka ɗaga labulensa, sun ga hoton da aka ɗauke mu. Na ga hannuwansa sun fara tashi za su gicciye, sai ya sauke su ya nuna musu kujera. Yanzu dokarsa ɗaya ce, ya sa 'yar Wakita ta rubuta masa da Turanci ya manna a bango: a ci da zafi, hoto sai an gama. Ni kuma ya naɗa ni malamar zuƙa, kullum in na tashi daga kasuwa. Likita bai sani ba tukuna.

Ga wata takarda nan a ciki, ba tawa ba ce. Kwana uku babanki ya yi yana rubuta ta, ya yaga huɗu.

Gwaggonki da ta fi ki wayo,
Sumie

Kanae,

Ina lafiya. Ina fata kina lafiya.

Mijinki ya iya cin abinci. Hannunsa na aiki ne. Ya gyara mini fankar da ke bisa tukunya kafin ya tafi, ban sa shi ba.

Shekara biyar ina ɗauko takarda ina ajiyewa. Wasiƙunki duk suna nan, na karanta su. Na ji haushi da kika tafi, daga baya haushin ya wuce, kunya ta hana ni magana. Sumie ta ce ni ne uba, ni ya kamata in fara. Ta fi ni gaskiya, amma kada ki gaya mata.

Ki ci abinci sosai. Kada ki ɗauki kaya mai nauyi. In yaron ya yi ƙwari ya isa hawa jirgi, ki rubuto mini rana. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa rufe shi a ranar aiki ba. Ranar zan rufe, in zo tasha in ɗauke ku.

Babanki,
Shozo